Motar Marigayiya Javorka

Vienna, 9 ga Oktoba

Zlatko ɗana,

Gaisuwa mai yawa gare ka, da Violeta, da ’yar yarinyarku. Ina fata kuna lafiya. Ni da sauƙi, ban da idon hagu da likita ya ce sai an yi masa aiki, ya kuma hana ni tuƙi. Kunne kuwa ka sani, shekara talatin da ɗaya a ɗakin wankin asibiti, injuna sun cinye shi. Don haka kada ka buga min waya, sai in yi ta cewa “to, to” alhali ban ji komai ba. Ka rubuta ka ba direban bas ɗin Juma’a, kamar yadda muka saba da marigayi babanka.

A watan Maris zan ajiye aiki in dawo Topolnik gaba ɗaya. Mijina Trifun shekara biyu ke nan yana ƙasa, ɗa ba ni da shi, a dangi kuma kai kaɗai ka rage min, tunda kakanka da babana ciki ɗaya suka fito. Maganar da muka yi tana nan. In na dawo mu je kotu mu sa hannu: gida da lambu naka ne bayan raina, kai kuma ka binne ni kusa da mijina, ka yi min sadakar kwana arba’in da ta wata shida da ta shekara, ka riƙa kunna min kyandir. Ba na neman fiye da haka a wurin kowa.

Kafin nan ga wani aiki, tunda sayar da motocin hannu ne sana’arka. Ƙaramar jif ɗina za ta iso maka ranar Talata, wani ɗan Požarevac zai tuƙo ta, da takardar wakilci a aljihun gaba. Shekara shida da suka wuce na saye ta Yuro dubu ashirin da bakwai. Ita kaɗai ce abin da na taɓa saya sabo fil a rayuwata, ledar kujerun ma da hannuna na cire. Na kai ta wurin wani dillali a nan, mai gashi kamar saniya ta lashe shi. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa agogon kilomita, ya ce dubu bakwai da ɗari biyar. Na ce ya maimaita, na zaci kunnena ne. Ya maimaita. Ban san lokacin da na zage shi da yarenmu ba.

Na yarda mota na tsufa, ni ma na tsufa. Amma rabin kuɗinta dai ai ta yi. Ko kashe ni za ka yi, kada ka bar ta ƙasa da dubu goma sha huɗu.

Tetkarka, wato gwaggonka,
Javorka

*

Topolnik, 23 ga Oktoba

Tetka Javorka,

Mun samu wasiƙarki, muna lafiya lau. Violeta na gaishe ki, ta ce Allah ya sa a yi aikin ido a sa’a. Mota ta iso, na biya kwastan da sunanki, na wanke ta, tana filina a jeren gaba.

Tetka, bari in gaya miki gaskiya, ko da yake ba sana’ata ba ce. Mota ba gona ba ce. Ranar da kika fito da ita daga shago, kafin ki kai kwanar farko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta ya zube a titi. Kafin shekara huɗu rabi ya tafi. Ƙananan jif irin taki sun fi sauran motoci riƙe daraja, wannan gaskiya ne, don kowa a nan yana son mota mai tsayi saboda ramukan hanya, kuma yana son ya kalli maƙwabcinsa daga sama. Amma taki tana da ciwo uku.

Na ɗaya, fetur take sha, mutanenmu kuwa dizal suke nema. Na biyu, launi. Wa ya ba ki shawarar ruwan lemo, Tetka? Mutanenmu baƙa suke so, su shiga biki a ɗauka wasu ne. Na uku shi ne babba: agogo ya nuna kilomita 187,400. Mai saye zai yafe tsatsa, zai yafe hatsari in an shafe shi da fenti, amma da ya ga agogo ya haura dubu ɗari da hamsin sai ya tuna ya bar wani uzuri a gida.

Mutum biyar sun duba ta. Ɗaya ya ce min, “Zlatko, tsakaninka da Allah, tasi aka yi da ita ko motar ɗaukar gawa?” Na ce ta tetkata ce. Ya ce, “To tetkar taka a cikin motar take kwana?”

Kuɗinta na gaskiya dubu takwas da rabi, in an yi sa’a tara. Kuma duk watan da ta yi a tsaye sai ta rage, in Janairu ta kama kuwa ta ƙara shekara a takarda, ta sake faɗuwa. Amma na karanta wasiƙarki sau biyu, na gane abin da kike nufi. Ki bar min sauran.

Ɗanki,
Zlatko

*

Vienna, 11 ga Disamba

Zlatko,

Ina fata kuna lafiya. An yi aikin ido, yana warkewa. Ni ma lafiyata ƙalau, kuma da alama wannan labari ne a Topolnik.

Mako bakwai ina zuwa tasha kowace Asabar, direba yana girgiza min kai. Na ce ƙila aiki ne ya sha kanka. To yau Lahadi na je coci, ina tsaye wurin kyandir, sai na ji an ƙwalla ihun da ko kunnena ya kama. Ikonija ce, matar mai injin niƙa na Topolnik, ta zo ganin ’yarta. Kyandir ya faɗi daga hannunta, ta hau yin alamar gicciye kamar ta ga shaiɗan.

“Javorka! Wayyo Allah! Ke ce ko inuwarki?”

“Ni ce mana, wa kike so ya zama?”

“To ai kin mutu!”

“Yaushe?”

“Tun Nuwamba! An ce ƙone ki aka yi a nan, irin na mutanen birnin nan, aka kai tokar gida a gwangwani. Da idona na ga furannin makoki a kabarinki, har da baƙin ƙyalle. Zlatko ne ya ajiye.”

Ta tsunkule ni a hannu don ta tabbatar, wurin har yanzu da shaida. Mutane suna kallo, limamin coci ya leƙo. Ni da ban taɓa fashin azumi ba, a ce an ƙone ni an zuba a gwangwani kamar garin kofi!

Ba mu ko sa hannu a kotu ba, ka fara binne ni. Gidan ne ya tsone maka ido har ka kasa jira? Ka rubuto min da bas ɗin makon nan, kuma ka gaya min ina motata.

Javorka

*

Topolnik, 30 ga Disamba

Tetka mai daraja,

Muna lafiya, mun gode Allah da idonki ya warke. Na rantse miki na rubuto tun ƙarshen Nuwamba. Wasiƙar tana tare da kwalbar barkono da Violeta ta dafa miki, direba ya tura su ƙarƙashin kujera ya manta, jiya ya dawo min da su. Da kin samu da ba ki tsorata ba, don labarin mai daɗi ne. An sayar da mota, dubu goma sha uku da ɗari takwas. Kuɗin na cikin ambulan a wurin Violeta, ban taɓa ko sisi ba.

Ga yadda aka yi, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi. Na kai ta wurin wani mai gyaran wuta ya mayar da agogon 61,000. Kowa na yi, Tetka, motar da ta ƙetare iyaka sai ta ƙara ƙuruciya. Sai na sa talla a jarida: hannu ɗaya, daga Austriya, mai ita tsohuwa ce, coci kawai take zuwa da ita ranar Lahadi. Duk dillalin da ke ƙasar nan yana da irin wannan tsohuwar a bakinsa. Ni kaɗai ne tawa ta gaske ce.

Wani mai kiwon zuma ya zo daga dutsen Homolje, sunansa Obrad. Mutum ne mai taurin kai, ya shiga ƙarƙashin motar, ya shinshina mai, sannan ya ce, “Ina tsohuwar? Ina so in gaishe ta.” Na san halinki, in ya same ki da tambaya ɗaya za ki zazzage masa komai. Sai bakina ya riga ni, na ce ta rasu. Ya ce, “Allah ya ji ƙanta. Ina kabarin?”

Tetka, ke kika kafa dutsen nan lokacin Trifun, baƙi mai sheƙi, da hotonku biyu, da sunanki, da shekarar haihuwarki, wurin ɗaya shekarar kuma fili. Rabin ’yan ci-ranin garinmu haka nasu yake. Na ce ya dawo gobe, na sayi furanni na jingina daidai wurin filin. Mutumin ya cire hula, ya daɗe yana kallon hotonki, ya ce fuskar masu gaskiya gare ki. Ɗari biyu kacal ya nemi ragi.

Matsalar ita ce tsohuwa Stamena, wadda kullum tana maƙabarta kamar an ɗauke ta aiki. Ta ga furannin, kafin yamma gari ya ɗauka, maganar toka kuma ita ta ƙara da kanta. Ban iya ƙaryatawa ba, don takardun motar har yanzu da sunanki suke. Na ce wa Obrad ana jiran kotun gado. In kin dawo a Maris sai ki sa hannu shiru a Požarevac, ba sai ya gan ki ba, a gari kuma mu ce kuskure aka yi.

Batun gida kuwa kin zalunce ni. Ke kika rubuta da hannunki, “ko kashe ni za ka yi.” Na ɗauka izini ne in yi duk abin da kasuwa ta nema. Da ranki motar dubu tara ce, a mace kusan sha huɗu. Ba zagi ba ne, Tetka, kasuwa ce.

Barka da Kirsimetinmu na bakwai ga Janairu mai zuwa.
Zlatko

*

Vienna, 15 ga Janairu

Zlatko,

Gaisuwa ga Violeta da yarinya, su ba su yi min komai ba. Lafiyata lau, ina cin abinci fiye da da, don ina da aiki a gabana.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka ce. Na yafe maka furanni, na kusa yafe maka gwangwani. Agogon ne ba zan yafe ba, kuma na tabbata ba ka ma san me ka taɓa ba.

Lokacin da ciwon Trifun ya yi tsanani ya ce shi ba zai mutu a ƙasar mutane ba, ya koma gida. Ni kuwa ban isa barin aiki ba, da me za a sayi magani? Don haka na sayi motar nan. Shekara huɗu, sau biyu a wata, ina tashi daga aiki ranar Juma’a in kama hanya, in ƙetare Hangari, in yi layi a kan iyaka, in iso in yi masa wanka, in yanke masa farce, in dafa abin da zai ci na mako biyu, Lahadi in juyo. Ƙafafuna suna kumbura har takalmi ya ƙi fita. Kai kana gari a lokacin, sau nawa ka leƙa shi?

Na ɗauki fensir na auna abin da ka goge. Kusan daidai yake da tafiyata wurin Trifun. Ba ni da ɗa da zai ba da labari, ba ni da hoto ko ɗaya na shekarun nan, lambar nan ce kaɗai shaidata. Kai ka kai ta wurin mai gyaran wuta, ka mayar da ni tsohuwar da ba ta san ko’ina ba sai ƙofar coci.

Ga tambaya kuma. A lissafin gari, kwanana arba’in sun cika a makon Kirsimeti. Ka dafa ko ƙwayar alkama ɗaya ta sadakar mamaci? Ka kira limami? Wani a Topolnik ya rubuto Vienna ya tambaya yaya aka yi? Allah ya nuna min jana’izata tun ina da rai, na kuma ga mai binne ni.

Littafin sabis na garejin nan yana hannuna, da lambar kilomita da hatimi a kowane shafi. Ba zan gaya maka abin da zan yi ba. Ka ci, ka sha, ka jira ni.

Javorka

*

Topolnik, 29 ga Janairu

Tetka,

Muna nan dai. Violeta na da ciki wata huɗu, ba ta barci tun da na karanta mata wasiƙarki. Ni ma hawan jini ya taso min.

Na yi kuskure, na durƙusa. Ban san haka lambar take a ranki ba. Amma abu ne mai gyaruwa, Tetka, agogon ana iya mayar da shi yadda yake, Yuro talatin ne kawai, ni zan biya. Zan nemi wata dabara in karɓo motar daga Obrad, in ce masa kotu ta hana.

Maganar sadaka kuwa, yaya zan yi wa mai rai sadakar matattu? Ai zunubi ne. Da na yi, da yanzu shi ne laifina. Kuma kabarinki bai zauna a duhu ba, Obrad na biyowa duk bayan mako biyu ya kunna miki kyandir, har kwalbar zuma yake bari.

Ina roƙonki da sunan babana. Sana’ar nan suna ce kawai. Mota goma sha ɗaya ke filina, na sayar da fiye da ɗari a yankin nan, kuma kusan kowacce da tsohuwarta. In littafin nan ya fita, ba Obrad kaɗai zai zo ƙofata ba. Ki zage ni, ki mare ni a gaban Violeta, amma a cikin gida. Ni ne fa jininki na ƙarshe.

Zlatko

*

Topolnik, 22 ga Fabrairu

Zlatko,

Ina gaishe ka a gidan surukanka inda aka ce ka ɓuya. Ina fata hawan jinin ya sauka. Ni ban taɓa jin ƙarfi irin na makon nan ba. Tunda ba ka samu halarta ba, bari in ba ka labari.

Yuro talatin ka ce. Da na karanta wannan layin na fasa jiran Maris. Na rubuta wa Obrad a matsayin ’yar’uwar marigayiya, na gayyace shi Asabar ɗin matattu, ranar da duk gari ke maƙabarta da farantan abinci. Na sauka a Požarevac ranar Laraba, na je wurin Milutin mai sassaƙa dutse, wanda ya yi mana na Trifun. Ya yi aikinsa ranar Juma’a, ya rufe da zane.

Asabar na sa baƙar rigata mai kyau, na dafa alkama da sukari da hannuna, na zauna a bencin kabarina. Stamena ce ta fara gani na. Ta tsaya, ta ƙare min kallo, ta ce, “Au. Shi ya sa ba a kira mu cin sadaka ba.” Abin da ta ce ke nan, Zlatko. Ba wanda ya suma, ba wanda ya yi kuka. Mijin Ikonija ya ce dama matarsa ta faɗa, shi dai bai yarda ba don ta cika ƙari.

Sai ga motata ta taho, ruwan lemo a cikin farar ƙanƙara, ana hango ta tun daga gada. Obrad ya fito da kyandir a hannu. Ya kalli hoton dutse, ya kalle ni, ya sake kallon dutse.

“Baba, ke ’yar’uwarta ce?”

“Ni ce ita, ɗana. Matso, ka taya ni jan zanen nan.”

Ya ja. A wurin da ka jingina furanninka, Milutin ya sassaƙa da ruwan zinariya, manya-manya: 187,400 km. A ƙasa kuma: Zlatko ya mayar da su 61,000.

Na miƙa littafin sabis, ya bi hannu-hannu har bakin ƙofa. Wani ya fara dariya, sai dariyar ta mutu, don maza sun fara kallon juna. Ɗan limami ya ce, “To ni tawa tsohuwar daga Jamus take, ita ma coci kawai take zuwa.” Wani ya ce, “Tawa ma.” Mai kantin gari ya ajiye farantinsa a kan kabarin uwarsa ya tafi neman ka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da rabona da shi tun ranar da na cire ledar kujerun nan.

Obrad kaɗai ya ba ni tausayi. Ya tsaya da kyandir ya ce, “Yanzu wa zan kunna wa?” Na ce ya kunna wa Trifun. Ranar Litinin ya kawo motar ya ajiye a tsakar gidana, na ba shi ambulan ɗin da Violeta ta aiko. Ya ƙirga, ya tafi, bai sha ko kofi ba.

Maganar kotu ta mutu. Gidan nan ko mujiya ce ta gaje shi ta fi ka.

Javorka, mai rai

*

Vienna, 14 ga Afrilu

Tetka,

Ina gaishe ki. Dubi kan wasiƙar da kyau, ba kuskure ba ne. Yanzu ni ne a Vienna, ina wanke motoci a wani gareji bayan tashar jirgin ƙasa, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Hannuwana sun tsage, ban da haka lafiya.

Mutum uku sun dawo min da motoci, ɗaya ya zo da ƙannensa. Sauran na filin na kai Belgrade na zubar a rabin kuɗi, don a yankinmu ko keke ba mai saye a hannuna. A makaranta yara suna kiran ’yata “sittin da ɗaya”. Violeta za ta haihu a gidan iyayenta, da kaka kuma zan ɗauko su. Ba za mu koma Topolnik ba. Dutse ba ya gogewa, kin san haka lokacin da kika zaɓe shi.

Na yi ƙarya, na yarda. Amma don ke na yi, ban ci ko sisi ba. Kin nemi rabin kuɗin mota, na kawo miki. Kin fi son lamba, ga ta nan kin samu, da ruwan zinariya.

Shawara ta ƙarshe, kyauta, daga tsohon dillali: motar nan yanzu dubu bakwai ce, baɗi shida, kuma a tsaye ta fi lalacewa. Ki sayar da wuri. Mai kunna kyandir kuma ki nema tun da sauran lokaci, ba a samun na hannu.

Zlatko

*

Topolnik, 6 ga Mayu

Zlatko,

Na samu wasiƙarka. Ina lafiya, lambu ya yi fure, idon hagu na gani tar. Ka sayi man shafawa mai kauri, ka sa safar hannu, sabulun garejin nan na cin fata. Wannan ba sulhu ba ne, sani ne na shekara talatin da ɗaya.

Kada ka zaci na yi nadama. Kowace Asabar ina zuwa maƙabarta in goge haruffan nan da tsumma har su yi ƙyalli. Mutane daga wasu garuruwa suna zuwa kallo, wasu har hoto suke ɗauka. In da za a mayar da ni Fabrairu, zan sa Milutin ya ƙara musu girma.

Motar na tsakar gida. Wani dillali ya zo daga Požarevac ya taya dubu shida da rabi, ya ce duk ƙasar nan ba motar da aka fi sanin kilomitarta. Na kore shi. Ba zan sayar ba, ta ruɓe a inda take. Mai gyaran wutar ma na sa an kawo min shi, ya mayar da agogon a gabana, ya ƙara da abin da Obrad ya yi. Bai karɓi Yuro talatin ɗin ba.

Na yi wa Obrad maganar gida da kyandir, ta hannun limami. Ya aiko da godiya, ya ce ya riga ya yi min makoki sau ɗaya da zuciya ɗaya, ba shi da na biyu. Limami ya ce coci za ta karɓi gidan ta riƙa ambaton sunana a jeri da sauran. A jeri, kamar kiran ma’aikata da safe.

Jiya na je biyan Milutin cikon aikinsa. Ya ce, “Tetka, akwai abin da ban faɗa miki ba a lokacin, don na ga ranki a ɓace. Mun cinye wurin shekarar. In ranar ta zo, ina za a rubuta?” Na ce ya rubuta a bayan dutsen, na kuma biya shi tun yanzu don kada in nemi alfarmar kowa. Ya karɓa, ya rubuta rasit, sannan ya tsaya yana juya fensir.

“To wa zai zo ya gaya min ranar?”

Na ce zai ji a gari.

Ya ce, “Tetka, wancan karon wata uku aka yi kina mace, ni ban ji ba sai da kika zo da ƙafarki.”

Na karɓi rasit ɗina na fito. Bas ɗin ƙauye ya wuce, sai na zauna a tasha na jira na ƙarfe huɗu.

In ranar ta zo, kada ka taso. Ka riga ka binne ni, da furanni da komai.

Javorka